Kafin a Kawo Wuta

Waƙa tara muka naɗa
a bayan shagon Yila tela, a Bolari.
Mun manna kwalin ƙwai a bango
don kada hayaniyar titi ta shigo.
Ta shigo.
A ta huɗu, in ka kasa kunne,
za ka ji janareton maƙwabci yana tari.

Ran Laraba faifan ya fita.
Kafin Juma'a kowa ya zama alƙali.

Dakta Gidado na jami'a ya cinye rabin shafin jarida:
wai mu jemagu ne,
tsuntsu ya ƙi mu, ɓera ya ƙi mu,
wai garaya ba sa'ar jita ba ce,
wanda ya haɗa su ya zuba manja a fura.
Lamela ya karanta sau uku,
ya ninke takardar,
ya tokare ƙafar gangarsa mai girgiɗi.
Ta zauna daram.

A rediyo aka buɗe layi.
Wani daga Kumo: "Waƙa tara, ba a wasa kowa ba?"
Wata daga Tumfure: "A maimaita ta bakwai."
Wani ya kira ne kawai ya gai da surukinsa.

Mai shirya waƙa daga Legas ya ce mu cire garaya.
Na Kano ya ce mu cire jita.
Da mun bi su duka
da shiru za mu sayar.

Baba Manu, da ya koya mini kiɗa
da tsinken tsintsiya a bayan yatsu,
ya saurara ido rufe har ƙarshe,
ya furzar da tukar goro.
"Tsirkiyarka ta yi sako-sako.
Ita kuma yarinyar nan, wa ya mutu mata?"

Ta bakwai yake nufi.
Mahaifin Dija, direban tirela,
hanyar Numan, tuwon da aka rufe masa har ya kwana.
Muryarta ta tsage a baiti na biyu.
Mun so mu sake ɗauka,
kuɗin fetur ya ƙare.

Wani mai Napep, bai san ni ba,
ya ce yaran nan ba za su ci kasuwar biki ba,
ba abin rawa ko na sisi,
amma duk sa'ad da ya kunna su
sai ya ga ya rage gudu.
Na biya shi, ban karɓi canji ba.

Inna ba ta tambayi jarida ba.
"Nawa aka samu?"
Dubu sha ɗaya da ɗari biyar.
"Ku huɗu?"
Ta ƙara mini miya.

Bayan wata biyu, a layin banki,
na gane ƙeyar Dakta Gidado a gabana.
Zafi, fanka ta mutu, layi ba ya motsi.
Sai na ji yana rera wani abu ƙasa-ƙasa,
ta hanci, kamar mai jin kunyar kansa.
Ta bakwai ce.
Da ya iso baiti na biyu
ya tsaya daidai inda Dija ta tsage,
ya yi gyaran murya, ya duba agogo.

Ban taɓa kafaɗarsa ba.
Na koma gida,
na sauko da garaya daga ƙusa,
na ɗame tsirkiyar.
Baba Manu dai ya yi gaskiya.