Rabin Yatsa

A shagon Mahyub, can cikin Jidda,
ya jera mini rimot biyu kan gilashi.

Na farko baƙi ne, mai allo,
tashoshi sha shida, yana magana da muryar mace:
batir ya yi ƙasa, jirgi ya yi nisa.
Riyal dubu da ɗari biyu.
"Wannan," in ji Mahyub, "ko bayan gajimare zai kirawo shi."

Na biyun na hannu ne, tashoshi shida,
an naɗe eriyarsa da salatif,
gumin wani ya cinye fentin gefensa.

Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo.
Na ɗaga masa hannun hagu.
Fankar injin sanyi ta gutsure babban yatsan nan
shekarar da aka haifi Rumasa'u.
Rabin yatsa bai san lallashin totur ba,
turawa yake kamar mai fushi.

Baƙin, totur ɗinsa a hagu yake,
sandar doguwa, santsi kamar kuɓewa.
Tsohon kuwa, mai shi na da ya mai da ita dama,
ya rage tsawon ta hagun.
Wa ya san me ya same shi?

Juma'a bayan asuba, a fili arewa da Ubhur,
Rumasa'u na riƙe da jirgin, iskar teku na fizgar gyalenta.
Na tura a hankali. Farfela ta yi kuka.
Ya tashi.

Yatsuna sun zauna cikin gurbin yatsun wani
da ban taɓa gani ba,
muna tuƙi tare.