Tambayar Cima

Ranar Talata, rana na dafa kwanon rufi
a lakwal ɗinmu ta Garin Malam,
ina rubutu a tablo, alli na ƙarewa a yatsuna,
sai wata murya daga bencin baya,
siririya kamar zaren ɗinki:

“Mushe, me ya sa ruwan randa ke sanyi,
na bido kuwa ya yi ɗumi,
alhali ɗan ga-ruwa guda ya kawo su?”

Dariya ta ɓarke.
Kyari ya bugi tebur, Falmata ta rufe baki da kaye.
Cima ta sunkuyar da kai
tana neman ramin shiga.

Na ajiye allin.

Yara, ni ma ina da tambaya,
shekara talatin da ɗaya tana cikina.
Ina kamarku na ga duwatsun Birni,
wani bisa wani kamar an jera tuluna,
na so in ce: wa ya ɗora su?
Me ya hana su gangarowa?
Na ɗaga yatsa, ya kai daidai kunne,
sai na sosa kunnen.
Na haɗiye ta don kada a ce Kanta wawa ne.
Ba a ce ba.
Ga furfura, har yau ban sani ba.

Dariyar aji ba ta da tsawon rai,
kafin a tashi ta mutu.
Rashin sani shi ke raka mutum gida,
ya ci tuwo da shi,
ya tsufa a kan tabarmarsa.

To, ku masu dariya, wa zai amsa mata?

Shiru. Har ƙuda ana ji.

Muka fita gindin bedi, inda randar take.
Na ce kowa ya shafa cikinta.
“Jiƙe take!”
Gumi ne. Randa gumi take yi kamar ku,
iska ta lashe gumin, ta tafi da zafin.
Bido roba ne, ba ya gumi,
zafinsa a ciki yake ƙunshe
kamar yaron da ya ƙi tambaya.

Muka koma aji.
Cima na rubutu, harshe a gefen baki.
Can na hango hannun Kyari
yana tashi a hankali, yana rawa.
Ya kai kafaɗa.
Ya kai kunne.

Na jira.

Ya wuce kunnen.