Mako na Hamsin da Uku

Oulu, ƙarfe uku na yamma, duhu ya riga ya sauka.
Kofina ya huce a gefen allo.
Waya ta yi ƙara. Aulis ne,
mai tuƙa motar share ƙanƙara:
"Tuovi, ina kwana ukuna?
Juma'a, Asabar, Lahadi na yi a kan titi,
takardar albashi ta ce ina gida ina barci."

Na ce masa kwamfuta ba ta ƙarya.
Ya yi shiru. Na ji kunyar bakina.

Na buɗe cikin manhaja kamar mai feɗe kifi.
Ga Alhamis, ƙarshen Disamba, zaune lafiya lau.
Ga Litinin, huɗu ga Janairu, ta sa hular mako na ɗaya.
Tsakaninsu rami.

Ashe tsohuwar shekara ta tafi ta bar wutsiya,
kwana uku cikin Janairu masu amsa sunan bara,
mako na hamsin da uku, baƙon da kan jima bai leƙo ba.
Manhaja ta ɗauki lambar makon daga jiya,
ta ɗauki lambar shekara daga yau,
ta ɗaura su wuri guda,
ta aika gumin Aulis can ƙarshen bana,
ɗakin da magina ba su gina ba.

Wa ya rubuta wannan layi?
Na hau binciken tarihi ina wasa wuƙa.
"Shekara mako hamsin da biyu ce, kullum."
Ƙasan maganar, sunana.
Bazara huɗu da suka wuce, ranar da nake saurin zuwa bakin tafki.
Na mayar da wuƙa kube.

Na gyara. Na gwada. Wani ƙulli ya ɓullo:
ma'aunin kwanakin da muka aro daga ƙetaren teku
Lahadi yake kira sifili, farkon mako,
mu kuwa nan ita ce ƙyauren rufewa.
Sai ga Sirkka ta ɗakin wanki
da Lahadi biyu a mako ɗaya,
ga Veikko mai gadi ba shi da ko guda.

Tsakar dare ta wuce ina ƙirga da yatsu
kamar yarinya 'yar aji ɗaya.
Litinin, Talata...
Wa ya fara yanka kwanaki bakwai-bakwai?
Rana dai fitowa take, in ta ga dama,
a watan nan ma da ƙyar take leƙowa awa huɗu.

Ƙarfe biyar saura, awa ashirin da bakwai suka dawo gida,
kowace a gurbinta.
Na miƙe, bayana ya yi ƙara.
Ƙasan taga fitila ruwan lemo tana juyawa,
ƙarfe na kankare titi.
Aulis ne. Bai ɗago kai ba.
Ƙanƙara na zuba a bayansa,
tana cike inda ya share.