Tulu a Cikin Tulu

Ni mai shayi ne a bakin tashar Tawa,
cokali uku na sukari nake zuba wa kowa.
Ranar da kiyashi suka yi layi
inda Nafisatu ta tsuguna fitsari,
sai bakina ya mutu.

Madam Habsu ba ta tsaya ba ni haƙuri ba.
Lemu ta miƙo mini da allura:
"Soka. Sake sokawa.
Hannunka ya daina rawa
kafin ya taɓa cinyar yarinya."

Na ce ba mu da firigo,
wutar ma sai ta ga dama.
Ta zo Bilbis da ƙafarta bayan la'asar,
ta sa ƙaramin tulu cikin babba,
jiƙaƙƙen rairayi a tsakani.
Nan insilin yake kwana.

Ta je lakwal ta gaya wa malaminsu:
in gumi ya keto mata, jiki na ɓari,
ba iska ba ce,
a ba ta dabino.

Jiya Nafisatu, 'yar shekara tara,
ta karɓe allurar daga hannuna.
"Baba, je ka, ruwanka na tafasa."

Na tafi.
Nawa shayin, haka na sha shi da ɗacinsa.