Kwana Goma Sha Tara

Nono bai ji labari ba.
Ƙarfe biyun dare yakan cika ya tashe ni,
ya jiƙa riga, ya jiƙa zane,
yana neman bakin da muka rufe da ƙasa ran Talata.

Kwana goma sha tara ka yi, Filimon.
Na ƙirga su da hannu, na ƙarasa da ƙafa,
ɗan yatsa guda ya rage,
ban san abin da zan yi da shi ba.

Bazarar Sakkwato ce, an ɗauke wuta a Mabera,
ina yi maka fifita da marfin kwali,
jikinka ya fi kwanon rufi zafi.
A ƙofar asibiti mai keke ya ƙi karɓar kuɗina.
Ya dube ka, ya dube ni, ya kau da kai.
Ya riga likita sani.

Babanka Barnaba da hannunsa ya ƙera maka gado,
ragowar ƙarfen ƙofar wani Alhaji,
ya shafe shi da shuɗin fenti har sau biyu.
Yanzu kafin asuba ya fita,
ya dawo ido jawur,
ya ce mini hasken walda ne.
Nakan ce to.

Zumuntar mata sun zo da zanensu iri ɗaya,
da tulun kiɗa da caki.
Suka rera, bakina ya ƙi buɗuwa.
Wata ta dafa ni ta ce Allah ya fi mu son ka.
Na haɗiye amsata, ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi:
in ya fi ni so, me ya sa ni ya bar wa nonon?

Inna Hajjo ta ƙetaro katanga da ƙwaryar fura,
carbi a hannu, ba ta yi mini wa'azi ba.
Ta ce, “Sha, ɗiyata. Ni ma ukku nib bizne.
Ba a mance su, ɗauka dai aka koyo.”
Muka zauna har aka kira magariba,
ta tashi zuwa tata sallar,
ta bar ni da tawa addu'ar da ba ta da kalmomi.

Yesu, ban zo da yabo ba yau.
An ce ka tsaya bakin kabarin abokinka ka yi kuka,
alhali ka san za ka kira shi ya fito.
To, ba zan ji kunyar nawa hawayen ba.
Kuma uwarka ta taɓa karɓar ɗa a sanyaye,
ita ta jira kwana uku.
Ni nawa zan jira?

Jiya Afiniki, mai shekara biyar,
ta bar wasan gala-gala ta zo ta tsaya a kaina.
“Mama, a can wa ke goya shi?”
Na ce Yesu.
Ta yi shiru, ta ɓata fuska.
“Ya iya ɗaura majanyi?”
Dariya ta kuɓuce mini, ta farko,
ta fito tana ɗingishi, ta haɗu da kuka a hanya.
Barnaba ya jiyo daga zaure, ya shigo,
ya durƙusa jikin shuɗin gadon nan,
a ƙarshe ya daina ɗora wa walda laifi.

Ran Lahadi na je sujada,
na zauna can baya, kusa da ƙofa, ko da zan gudu.
Ban gudu ba. Ban yi waƙa ba.
Da aka kai wurin tashin matattu
na ji Amin ta fita da kanta, ƙarama, kamar atishawarka.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas,
ƙasa na jiran ruwan fari, har da wadda ta rufe ka.
Nonon ma ya soma janyewa, wannan wani rashin ne.

Ubangiji, har yanzu ban gane ba,
kada ka ce na gane.
Ka dai riƙe mini shi kafin in iso.
Ya fi son a kwantar da shi ta hagu,
kuma in ya yi kuka, a hura masa iska a goshi.