Kwalba ta Arba'in da Bakwai

Sau uku motar asibiti ta kwashe ni
daga bakin aikina a tudun Valparaíso,
inda nake jan akwakun ƙarfe mai hawa da sauka da mutane.
Sau uku aka liƙa mini wayoyi a ƙirji,
aka ce: Aníbal, zuciyarka garau take, koma gida.

Garau?
To wa ke shaƙe ni ana tsakiyar hawa,
teku na kwance can ƙasa ko gezau,
'yan makaranta na gutsurar burodi,
ni ina mutuwa a tsaye, hannuna a kan birki?
Minti goma, sai ya sake ni
kamar bai taɓa sanina ba.
Surukina ya ce raki ne.
Har na fara yarda.

Wata Talata Dakta Huenchullán ta ce in miƙo hannu.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska,
amma tawa fuskar ta ƙware da ƙarya,
sai ta tambayi jini.
Na'ura ta wulwula shi har ya rabu gida uku:
ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama,
tsakaninsu wani siririn fari kamar bakin farce.
Nan, in ji ta, fararen ƙwayoyi suke,
da 'yan mitsi-mitsin nan masu toshe rauni.
A jikinsu akwai ƙofofi masu kama da na ƙwaƙwalwa.
Ba a fasa kai don a leƙa,
sai mu ji ta bakin maƙwabta.

Ta rubuta arba'in da bakwai, ta sa ni a firiji.

Wata tara na jira.
Takarda nake so mai hatimi
in dangwarar a teburin surukina, kusa da miyar kifi,
in ce: karanta.

Mu sittin ne masu firgita,
su sittin masu barci har da minshari.
A jimlace, ta ce, ƙofofinku sun ɗan gaza nasu.
Na ce: nawa fa?
Ta ɗora biro inda ɗigogin suka cakuɗe.
Kana nan. Ba na rantsuwa a kan kwalba ɗaya.
Firgicin ne ya rage su, ko ƙarancinsu ya gayyato shi,
har yau ba mu sani ba.

Na fito hannu rabbana.
A baranda ga Eulogia mai sayar da kifi,
ga wani lauya da takalmi mai ƙyalli,
ga yarinya da goge a bayanta,
kowa ya naɗe gwiwar hannu a kan auduga.
Ba wanda ya ce wa wani uffan.
Lauyan ne ya matsa mini a benci.

Jiya ya sake zuwa, muna daidai rufin gida mai shuɗin kwano.
Na ƙirga: ɗaya, biyu, har sittin,
ban saki birkin ba.
Wata tsohuwa ta sauka a sama, ta ce sannu da aiki,
ta manta lemarta.