Mijin Nunziata

A Torino, shekarar da sanyi ya fasa tuluna,
masu majigi suka ɗauki Ottavio mai gyaran takalma
saboda gemunsa da ramarsa.
Lira uku a wuni: ya kwanta cikin likkafani
a kabarin kwali, in an ɗaga hannu ya tashi.

Sau tara ya tashi ranar, ya koma gida da mura.
"Mutuwa ba wuya," in ji shi, "tashin ne ke cin gwiwa."

Bayan shekara biyar annoba ta zo,
ta kwantar da shi inda ba mai ɗaga hannu.

Yanzu duk Lahadi Nunziata na biyan kuɗin ƙofa.
Rubutun da ke gilmawa a allo
ba ta iya karantawa, ba ta kuma tambaya.
Mai piyano ya sassauta, mata na share hawaye,
dutsen kwali ya gangara,
ga shi nan, yana jan ƙafar hagu kamar kullum.

Leɓɓansa na motsi, ba sauti.
Jama'a sun ɗauka godiya yake wa Ubangiji.
Ita kaɗai ta san bakin nan:
cewa yake ƙasa da sanyi,
a miƙo masa takalmansa.